Mai Keke a Ƙofar Shagon Mashkura

Tun ranar da mutumin ya fara tsayawa da kekensa a gaban shagon, Mashkura ta san ba alheri ne ya kawo shi ba. A unguwar Garki ta Abuja, in ka ga babban mutum a kan keke, to askirim yake sayarwa. Wannan kuwa ya ɗora hular kwano, ya sa wando matsattse kamar zuba shi aka yi a ciki, ga agogo da ya fi keken tsada. Mai irin wannan agogon ba ya gumi a banza.

Ya ɗaga waya ya ɗauki hoton shagon. Ya ja da baya ya ƙara ɗauka. Ko ruwan leda bai saya ba, ya taka ya wuce.

Shi dai shagon, a allon da ke sama, sunansa Mashkura Supermarket and Lounge. A ƙasa kuwa rumfar kwano ce jingine da katangar gidan yayanta, ta cinye rabin hanyar masu tafiya a ƙafa, da firji ɗaya da benci biyu. Bencin su ne lounge ɗin, wato wurin hutawar baƙi. Takardar izini babu, kuma da wannan rumfar take ci take sha.

Washegari ya dawo, har da tsugunnawa yana leƙen yadda aka ɗaure ginshiƙi da waya.

"Oga, lafiya?" ta tambaye shi daga bayan firji.

"Lafiya lau, madam. Sunana Badaruddeen. Ɗan Damagaram ne ni, amma a Faransa nake zaune, taro ya kawo ni ƙasarku. Kin san mu can Paris ba ma kallon gari ta gilashin mota. Sai a kan keke ake jin numfashinsa."

"Allah sarki. To ya kuka ji numfashin namu?"

"Tituna ne kawai da katangu. Amma wannan wuri naki! Tun yaushe yake nan? Ba wanda ya taɓa hana ki?"

Ta kau da kai, ta shiga goge firji.

"Ba nawa ba ne," ta ce. "Tsarewa nake."

Yana tafiya ta ruga wurin Madam Perpetual, mai gyaran gashi a ƙarshen layin, wadda ke cewa ta san sirrin ofishin masu rusau tunda ita ke yi wa matar wani direbansu kitso.

"Na gaya maka, Mashkura, sabon salo ne," in ji Madam Perpetual da karyayyar Hausarta, tana nuna ta da mataji. "Da, suna zuwa da mota, kowa ya gani ya shirya. Yanzu keke. Yau hoto, gobe jan fenti, jibi katafila. Wane Paris? Wannan fuska na Nyanya ne, nan bayan gari."

Mashkura ta taɓa ganin aikin katafila a Wuse. Masu wayo tun kafin ta iso suke cire kwanonsu da ƙofarsu da hannunsu, su ɓoye, in ƙura ta lafa su mayar. Waɗanda suka tsaya roƙo kuwa, da tsintsiya suke kwashe jarinsu. Da safe ta kira Elvis kafinta.

Elvis ya sauke rabin rufin, rana ta fara dukan firji, sai ga mai keke. Ya ja birki har ƙafar baya ta ɗaga.

"Inna lillahi! Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Mun hutar da ku ne, yallaɓai. Ba sai kun ƙona mai ba."

Sai da aka ɗan jima kafin ya gane abin da take nufi. Da ya gane, ya cire hular kwanon, ya zaro fasfo, ya zaro katin otal, ya zaro katin taron mai igiya, duk ya zube a kan benci. Ya buɗe waya yana nuna mata: ga shi da keke a gindin wani dutse, ga shi da keke a gaban mai gasa masara, ga shi yana kallon nesa kamar mai tunanin duniya.

"Madam, wallahi duk yawon da na yi a garin nan, nan kaɗai na ga wuri mai rai. Wannan fasaha ce ta talakawa! Gobe ma na so in kawo abokan taro su sha zoɓo a nan."

Kalmar talakawan ta tsaya mata a wuya, ita da ke da lounge, amma ta haɗiye. Fasfon dai ya yi kama da na gaske. Idonsa ma har ya kawo ruwa.

Daga saman tsani Elvis ya leƙo, guduma a hannu. "Madam, in mayar?"

Ta buɗe baki za ta ce e, sai idonta ya faɗa kan wayar. Ga rumfarta nan, fes, da rubutun Faransanci a ƙasa da ƙananan zukata jajaye.

"Wannan fa, ina kuka sa shi?"

"A intanet mana!" Fuskarsa ta washe. "Jama'a sun gani ba adadi. Har 'yan Abuja suna ta turawa, suna mamakin yadda hukuma ta bar shi."

"Da sunan layin?"

"Har da taswira, don kada mutum ya ɓata."

Mashkura ta tattara fasfon da katunan ta miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi. Sannan ta ɗaga kai.

"Elvis, ci gaba. Ka bi ƙusoshin a hankali, kar ka lanƙwasa min su."