Gurbin Baffa Dogo

Ranar Litinin, tara ga watan Oktoba na shekarar 2023, shafin salsalar zuri'ar Kafinta da ke intanet yana ɗauke da sunaye ɗari uku da goma sha biyu, tun daga Kafinta kansa har jaririyar da aka haifa a watan Agusta. Mutum goma sha bakwai ne ke da izinin rubutu a cikinsa, kowa daga garin da neman abinci ya kai shi. Kowane mutum yana da gurbinsa: suna, haihuwa, aure, sana'a, rasuwa. A ƙarƙashin kowace magana kuma akwai madogararta, wato inda aka samo ta.

Hedimasta, jikan Kafinta, shi ya kafa dokar madogara tun ranar da aka buɗe shafin. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da tarihi kafin ya ajiye alli, kuma bai taɓa ba ɗalibi maki a kan "an ce" ba. Dokar gajera ce: duk abin da aka shigar babu madogara a sa masa jar alama, in kwana talatin suka cika ba a kawo ba, a share shi. Da ita ya share sarakuna biyu da wani jarumin yaƙi da 'yan uwa suka so liƙa wa asalinsu. An yi gunaguni, bai ko ɗaga kai ba.

A wannan Litinin ɗin, da hantsi, ya je gaida Yaya, babbar yayarsu, wadda ita da shi kaɗai suka rage a ɗakinsu. Shekararta tamanin da takwas, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, amma baki yana nan da kaifinsa. Ya same ta a gadonta na bakin taga, kwalaben magani jere a kan faranti, rediyo yana ta surutu ba mai saurarensa. Don ya ɗebe mata kewa, ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya ya fara karanto mata sunayen. Ya karanta 'ya'yan Kafinta, babansu a farko, har mutum biyar, tana lanƙwasa yatsu.

"Ci gaba," in ji ta.

"Sun ƙare, Yaya. Su biyar ne."

"Auta, bokon naka ya cinye maka lissafi? Ina Baffa Dogo?"

"Wane ne kuma Baffa Dogo?"

Ta juyo ta dube shi kamar ya tambaye ta wace ce uwarsu. Sannan ta faɗi sunansa na yanka, ta ce ƙanin babansu ne, na uku a jeri. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shago. Kurfin sassaƙa ya taɓa yanke shi a babban yatsa, tabon ya zauna fari. Shi ke ɗora ta a wuya ya kai ta bakin tasha kallon jirgin ƙasa. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana uku, ita kuwa lokacin tana famfara, bakinta duk giɓi. Daga ranar kakarsu ba ta iya jin sunansa ba ta yi kuka ba, sai gidan ya bar ambatonsa, har aka haifi na baya ba su san an yi shi ba.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Kai da ba ka jin magana sai ta takarda."

Da ya koma gida ya buɗe sabon gurbi, ya rubuta sunan. Ya daɗe yana duban wurin madogara, ya bar shi fayau.

Washegari da safe jar alama ta bayyana a kan gurbin. Likita ne ya sa ta, ɗan wata yayarsa da ta rasu, mai aikin haƙori, wanda dangi suka ɗora wa kula da shafin. Kafin Hedimasta ya gama shan shayi wayarsa ta yi ƙara.

"Kawu, barka da asuba. Allah ya ba ka haƙuri, ba da son raina na sa alamar ba. Amma dokarka ce."

"Na san dokata. Yaya ce ta gan shi da idonta."

"Inna, yayar taka, shekaranjiya da sunan babana ta kira ni, Kawu. Kuma madogara uku gare mu da suka ce biyar ne: littafinka, da kundin digirin nan a kan kafintocin garin, da babban shafin nan na ƙasashen waje. In muka karɓi wannan da baki, wallahi gobe ɗan uwan nan namu Mai-gwanjo zai dawo mana da sarkinsa da ka share, ya ce shi ma kakarsa ta gani."

Hedimasta ya ajiye wayar. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ya duba kalanda, ya ƙirga kwana talatin daga ranar, ya zagaye tara ga Nuwamba da jan biro. Idan ranar ta zo hannunsa wayam, za a share Baffa Dogo karo na biyu, wannan karon da dokar da shi ya rubuta, kuma Yaya tana raye tana ji.

Ya fara da madogaran nan uku, kamar yadda ya saba koya wa ɗalibai: kada ka tambayi abin da takarda ta ce kawai, tambaye ta wa ya gaya mata. Babban shafin ƙasashen waje ya nuna kundin digiri. Kundin kuwa, da ya same shi a laburaren jami'a ya bi ƙananan rubutun ƙasan shafi da tabarau biyu, ya nuna ɗan littafin tarihin zuri'ar da aka buga a 1991, shafi na bakwai. Marubucin littafin shi ne zaune a kan kujerar laburaren. Shaidu uku, baki ɗaya, kuma bakin nasa ne.

To shi wa ya gaya masa? Ya sauko da akwatin ƙarfe daga saman kabad, ya kakkaɓe ƙura, ya fito da takardun da ya yi aiki da su shekara talatin da biyu da suka wuce. A cikin wani ambulan ya ga hoton: Kafinta zaune a ƙofar shagonsa, 'ya'ya biyar tsaye a bayansa. A bayan hoton an rubuta da tawada, "Ni da 'ya'yana gaba ɗaya, 1944." Daga nan ya ɗauki biyar ɗinsa. Ya ƙirga kawunan da ke hoto ya kira su adadin haihuwa. An haifi Yaya a 1935. Mai famfara ba ta wuce shekara shida zuwa takwas ba. Ke nan an ɗauki hoton bayan an binne Baffa Dogo. Kafinta bai yi ƙarya ba, waɗanda suka rage masa ya tara. Mai kuskuren shi ne malamin tarihin da bai tambayi hoton wa ya rasa ba, bai kuma hau mota ya je ya tambayi yayarsa ba, alhali tana nan da ranta da hankalinta.

Ya kira Likita ya zayyana masa komai, bai rage ba.

"Ikon Allah," in ji Likita. "To, ukun nan nawa sun faɗi, Kawu. Amma faɗuwarsu ba ta tsayar da naka ba. Babu hujjar cewa babu shi, na yarda. Ina hujjar cewa akwai shi?"

"Wa ya koya maka wannan taurin kai?"

"Aji uku, ranar Laraba, bayan tara. Har ka kore ni waje."

Hedimasta ya kashe wayar yana jin haushi da alfahari a haɗe, bai san wanda ya fi yawa ba.

Mako biyu ya yi yana yawo da lema da jakar takardu. A asibiti aka ce rajistar rasuwa daga 1951 ta fara, na gabanta ruwa ya ci. A maƙabarta mai gadi ya yi dariya, ya ce a wancan zamanin ƙwaƙwalwar mai haƙa ce rajista, shi ma yana ciki kwance. Ofishin haihuwa ba a ma buɗe shi ba sai bayan shekarun da yake nema. Gwiwarsa ta kumbura. Matarsa ta ce, "Malam, mutumin nan da ya rasu tun ba a haife ka ba, ba zai yi fushi ba in ka huta kwana ɗaya." Ya ce ba fushinsa yake tsoro ba, ya ɗauki lemarsa.

A kwana na goma sha tara ya koma wurin Yaya, wannan karon da niyyar yin abin da ya kamata ya yi a 1991. Ya kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarsa, ya faɗi kwanan wata, da sunan mai magana, da shekarunta, da wanda ke tambaya.

"Yaya, abin da zan tambaye ki, ki rarrabe mini wanda kika gani da wanda aka gaya miki."

"Kotu ka kawo mini ɗaki?"

"Tabon yatsa, kin gani?"

"Na gani, na taɓa."

"Kwana ukun zazzaɓin?"

"Wannan innarmu ce ta faɗa. Ni dai na ga an hana ni shiga ɗakin, na ga mutane cike da tsakar gida."

"A tasha, me kuke yi?"

"Me ake yi a tasha, Auta? Kallo. Ina bisa wuyansa, jirgi na wucewa, yana karanto mini lambobin da ke jikin taragu ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina maimaitawa kamar aku."

Hedimasta ya ɗago kai. "Karantawa yake? Lambobin da haruffan?"

"Har da haruffan. Shi ke karanta wa Kaka wasiƙa."

Wanda ke karanta boko a wancan lokacin ya zauna a aji, kuma a duk garin makaranta ɗaya ce tak kafin 1940.

Makarantar tana nan, an yi mata sabon gini a gaba, tsohon ya koma sito. Shugabarta tsohuwar ɗalibarsa ce. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ce ba ta san abin da ke cikin siton ba ban da karyayyun bencina da ɓeraye, amma ga makulli. A can ƙurya, ƙarƙashin tulin allunan da suka fashe, akwai kabad ɗin katako, a cikinsa rajistoci ɗaure da igiya. Gara ta ci gefen wasu. Aka fito masa da tebur bakin ƙofa inda haske yake. Kwana uku yana zuwa da safe, yana juya shafi da gefen rula don kada takardar ta ruguje, yana atishawa.

A kwana na ashirin da shida ya same shi. Littafi na ɗaya, shafi na arba'in da ɗaya, lamba ta 214, Janairun 1931. Sunan da Yaya ta faɗa. Sunan uba: na Kafinta. Sana'ar uba: kafinta. Mazauni: layin bayan tasha. A layin ƙarshe, inda ake rubuta dalilin fita, an sa, "Ya koma shagon ubansa, 1935."

Bai tashi ba. Ya san abin da Likita zai ce, cewa masu suna irin na Kafinta ba su ƙirguwa, domin shi ma abin da zai ce ke nan. Ya ci gaba da juyawa har ya kai 1934, sannan 1937, ya sami baffanninsa biyu da kowa ya sani, waɗanda ke tsaye a hoton. Uba ɗaya, sana'a ɗaya, layi ɗaya, da rubutun hannun akawu ɗaya. Ya ɗauki hoton shafukan uku da bangon littafin. Sai a lokacin ya cire tabarau ya share idonsa, ya ce wa shugabar ƙura ce.

Da la'asar ya cika gurbin. Ya rubuta sunan makarantar, da littafi, da shafi, da lamba, da inda rajistar take ajiye, da ranar da ya gan ta da idonsa. A wurin haihuwa ya sa "wajen 1923, ƙiyasi daga shekarar shiga makaranta." A wurin rasuwa ya sa "tsakanin 1941 da 1943, bisa shaidar 'yar wansa, taron rasuwar ta gani, tsawon jinyar ji ta yi, ba a sami takarda ba," ya haɗa da muryarta. Sannan ya buɗe inda aka ambaci littafinsa ya ƙara layi biyu: "Shafi na bakwai kuskure ne. Marubucin ya ƙirga 'ya'ya daga hoton 1944, bai tambayi masu rai ba."

Likita ya kira bayan ya sallami mai haƙori na ƙarshe.

"Na cire alamar, Kawu. Amma layukan nan biyu, ko in goge su? Mu cire littafin daga madogara kawai, shiru, ba wanda zai sani."

"Kundin digirin ya sani. Duk wanda ya bi sawu zai zo kan littafin nan, gara ya tarar da ni tsaye a wurin ina ce masa ba nan ba ne hanya. Ka bar su."

"Mai-gwanjo zai yi mako yana dariya."

"Ya yi. In ya gama ya kawo rajistar sarkinsa."

Ranar Juma'a ya je ya karanta wa Yaya 'ya'yan Kafinta, tana lanƙwasa yatsu. Da hannu ɗaya ya cika ta ɗago ɗayan. Ya karanta mata har lambar rajistar da dalilin fita.

"Ya koma shagon ubansa," ta maimaita a hankali. "Haka ne kuwa. Ashe sai da takarda ta faɗa ka yarda da ni."

"Na yarda tun ranar, Yaya. Waɗanda ba su san ki ba nake nema wa."

"To, rufe abin nan ka miƙo mini ruwa."

Yaya ta rasu a watan Mayu na shekarar da ta biyo baya. Hedimasta ya aika wa jami'ar da babban shafin ƙasashen waje takardar gyara, kowanne da hoton rajistar. Jami'ar ta liƙa gyaran a cikin bangon kundin. Babban shafin bai amsa ba. Ya sake rubuta musu sau huɗu.