Shaidar Yakura a Ƙarƙashin Farin Fenti

Wato da Aisami ya rasu a Yamai, shekara biyu bayan babban taron ƙasa da ya kawo ƙarshen mulkin soja, ba abin da ya iso Gure daga gare shi sai akwati ɗaya da wani ƙyalle mai faɗin tabarma, an shafe shi da baƙi da fari. Zane ne, in ji masu ilimi. Ba mutum a ciki, ba doki, sai layuka da ƙugiyoyi.

Uwarsa Yakura ce fa ta ce masa, ranar da zai tafi, in ya bar garke ya bi zane, kada ya ƙara kiranta uwa. Shekara tara bai kira ba. Abu ɗaya ke cin ranta: ya yafe mata kafin ya cika, ko kuwa?

Malamin lekwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Doso, wanda ake kira Mushe Gado, ya rataye ƙyallen a gidan matasa, ya tara jama'a. Yakura ta ja sandarta ta je.

"Baƙin nan mulkin soja ne," in ji Mushe. "Farin kuwa ƴanci."

"Ni dai kamar kaji sun bi ta kan toka," in ji Fannami mai raƙuma. Aka kwashe da dariya.

Yakura ta matso, ta karkata kai. "Mushe, kai ƙasa ka rataye shi. Juya."

"Iya, irin wannan zane ba shi da sama, ba shi da ƙasa."

"Ɗan nan, da na haifi mai shi kana nan? Juya!"

Aka juya. Dariyar Fannami ta ɗauke. Ashe shaidun dabbobi ne, waɗanda ake ɗora musu da ƙarfe mai zafi don a san mai su. Yakura ta bi su da yatsa. Ga ta marigayi uban Aisami. Ga ta kawunsa Tanimu. Har ta Yabawa ta garin Bune, wadda shanunta ba su fi biyu ba. Duk garken da fari ya cinye, yaron nan bai mance ko ɗaya ba.

Sai ta nemi tata, layi uku da ƙugiya, wadda ta zo da ita daga gidan ubanta. Ta bi sau biyu. Babu.

Can ƙasa, a kusurwa, farin fentin ya yi kauri kamar kindirmo. Ta shafa. Ƙarƙashinsa yatsanta ya ji tudu: layi, layi, layi, ƙugiya. Ya zana ta, sannan ya rufe, kamar yadda ita ma ta haife shi, sannan ta shafe shi.

"Nan fa, Mushe, me ka karanta?"

"A'a, Iya, nan ne wurin da ya fi kyau! Hasken gobe ke nan."

"To, madalla."

Ta goge yatsanta a gefen zani. Fannami ya biyo ta bakin ƙofa. "Yaya, a kawo miki shi gida?"

"Bar musu," in ji ta. "Ni na karanta nawa."