Harsasan da Selwyn Ya Binne

"Fita mini daga gida," in ji Selwyn.

Hilda, maƙwabciyarsa, ta jawo kujerar roba ta zauna daf da katifarsa. Jenita, 'yar tsohon, wadda ta buɗe mata ƙofa, ta koma bakin taga ta tsaya tana murza bakin zaninta.

"Kin zo duba ko na mutu?"

"Da ka mutu ai da ban wahalar da gwiwata a kan matakalarka ba. Wa zan tambaya?"

Asibiti ya sallamo shi ya zo ya ƙarasa a gida. Ya rame har agogonsa na sauka zuwa gwiwar hannu, amma bakinsa na nan ja da goron betel. A bangon ɗakin an jera hulunan kwano masu tsatsa, na Amurkawa a sama, na Japanawa a ƙasa. Gidan a kan dirkoki yake, ta tsakanin katakon daɓe Hilda na hango tsakar gida, inda Dudley, ɗan 'yar'uwar tsohon, ke sauke duwatsun kogi da itace daga mota. Duwatsun motu ne, na gasa abincin makoki. Ba su ma jira ya cika ba.

"Ina ka binne su?" ta ce.

"Me?"

"Kada ka maishe ni yarinya, Selwyn."

Rabon da su gaisa tun ɗanta Festus yana firamare. A lokacin Selwyn ya riga ya cika filinsa da tarkacen yaƙin Amurkawa da Japanawa: injin jirgin sama, igwar Japanawa mai ƙafa ɗaya, takobin bakin bindiga, kwalabe, tukwanen soja. Turawa na zuwa daga filin jirgi na Henderson da hulunansu masu faɗi su tsaya a rana suna saurarensa. Festus ya tsinci kan gurneti a cikin tarin, ya kai gida ya sa masa dutse. Yatsu biyu suka rage masa a hannun dama. Hilda ta kai ƙara. Kafin 'yan sanda masu kwance bam su iso, Selwyn ya haƙa rami ya ɓoye manyan harsasan igwa iri-iri waɗanda ba su fashe ba. Aka kwashe ƙananan, aka tafi. Kowa a unguwar ya san sauran na ƙasa, babu wanda ya san wurin.

"Babu komai," ya ce. "Sun kwashe. Ba ke kika kira su ba?"

"Na ga ƙasa a shebur ɗinka ranar."

"Rogo na shuka."

"Ƙarya kake, kana kan gadon mutuwa kana ƙarya." Ta nuna daɓe da yatsa. "Ka leƙa. Za su hura wuta a filin nan kwana da kwanaki. Alade, kifi, dankali, wuta kan wuta. Jikokinka za su zauna a gefe suna jiran a buɗe ganye. Katangata ga ta nan, ko tofi na yi sai ya kai. Ka san abin da zafi ke yi wa abin nan, ka fi ni sani."

"Baba, ka faɗa mata mana," Jenita ta ce a hankali.

"Ke, rufe mini baki." Ya yi tari mai tsawo, ya tofa a gwangwani. "In na faɗa, kafin yamma ta kira su. Su ɗauka su kai bakin teku su fasa, su yi tafi. Abin da ya ƙetaro teku daga Amurka, da lambarsa da shekararsa a jiki. Ba su ma karanta abin da aka rubuta a kai."

"Yaƙin wasu ne. Kana goye a bayan uwarka a daji aka yi shi aka gama."

"Ubana ya ɗauki harsasan nan a kafaɗarsa ya hau tudu da su! Naki uban yana ina? Yana can tsibirin Malaita yana kirga kifi."

"Da yatsu goma yake kirgawa."

A ƙasa wani ya jefar da dutse kan tarin, sai da dirkokin gidan suka amsa. Selwyn ya daɗe yana kallon rufi.

"Shekara nawa ina ba da labarin tudun nan," ya ce. "Mutane daga Osaka sun zo sun ji. Daga Texas sun zo. Wani janar ya yi kuka a kan kujerar da kike zaune. Ke kuwa da na fara sai ki kunna rediyo."

"Da ƙarfi ma."

"To yau za ki ji. Jenita, kira Dudley ku fitar da ni baranda."

Suka ɗauko shi da katifar gaba ɗaya, aka tokare masa baya da buhun shinkafa. Rana ta karkata, filin duka na gabansu. Ya ɗaga hannu.

"Ban binne su da ka ba. Kowanne na sa shi inda ya tsaya a ranar yaƙi. Filin nan shi ne fagen. In kin gane yaƙin, kin gane wurin."

"Ka nuna da yatsa kawai, tsoho."

"In kika katse ni, daga farko zan koma."

Ta jawo kujerar ta zauna.

Tudun ƙasar da injin jirgi ke kansa, shi ne Tudun Jini. Kwatar da ke bin katangar Hilda, kogin Lungga. Ƙofar shiga, filin jirgi, abin da kowa ke so. Ƙarshen fili, inda ayaba take, daji. Ya fara tun daga saukar jiragen ruwa. Ya lissafa rundunoni da sunayensu, ya faɗi irin takalmin da suka sa, da yadda shinkafar Japanawa ta ƙare a hanya, da yadda suka sare daji da adda suna jan kaya da igiya. Muryarsa da ba ta kai ƙofar ɗaki ɗazu, yanzu har Dudley da ya koma ƙasa ya ɗago kai. Hilda ta zauna hannu a cinya, kwatangwalonta na ciwo. Sau ɗaya ta ce, "To, sai igwa?" Ya dube ta, ya koma kan jiragen ruwa. Ba ta sake ba.

"Amurkawa na kan tudu, bayansu filin jirgi. In tudun ya faɗi, shi ke nan. Igwoginsu kuwa ba a kan tudu suke ba, jahilai ne ke zaton haka. Suna baya, a kwari, suna harbi ta saman kawunan mutanensu." Yatsansa ya sauka a hankali daga injin jirgin zuwa wani lotsattsen wuri kusa da tankin ruwa.

A nan Dudley ya tara duwatsun.

Jenita ta dafe baki. Hilda ta miƙe ta leƙa ta kan katakon baranda.

"Kai, Dudley! Kashe tabar nan ka matsa daga wurin!"

"Na Amurka ke nan," in ji Selwyn, yana murmushi da jajayen haƙora. "Manya. Kamar jariri kowanne."

"Na Japanawa fa?"

"Japanawa ba su zo da gaske ba sai dare na biyu."

"To faɗi dare na biyun."

"Na gaji."

"Selwyn."

"Gobe. Ki zo da wuri. Ki zo da shayi, na wurin Jenita ruwa ne zalla." Ya lumshe ido. "Daga daji suka fito, wannan dai kin ji. Sauran sai gobe."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Amin. Ki sa sukari."

Da safe ta dafa shayin. Ta zuba a kwalba, ta sa sukari tana zaginsa. Tana ɗaura ɗankwali ta ji kukan Jenita ya tashi daga ƙetaren katanga, sai na wasu mata ya bi. Ta tsaya da kwalbar a hannu. Sannan ta juye shayin a kofi ta shanye, don ba ta zubar da sukari.

Kafin rana ta take, dangi sun cika titi. Motoci daga ƙauyen Tasimboko, mata da kwandunan dankali da gwaza a ka, alade biyu ɗaure a sanda suna ihu. Hilda ta buga wa masu kwance bam waya. Suka ce suna wani tsibiri kan wani aiki, a killace wurin, kada a haƙa, kada a hura wuta, za su zo da zarar sun dawo.

Ta samu Dudley ya sa an kwashe duwatsun daga gindin tanki an kai su can ƙarshen fili, ƙarƙashin ayaba, inda ciyawa ta yi tsawo. Har an fara jera itace.

"Ba a nan ba," ta ce.

"Mun ji, Maman Festus. Mun bar wurin tanki. Me kuma?"

"Nan ne daji."

"Wane daji? Ayaba ce."

"A labarinsa nan ne daji. Ta nan Japanawa suka fito. Nasu harsasan na nan wani wuri, daga ayabar nan har gindin tudu, bai faɗi ina ba."

Wani a cikin mazan ya yi dariya. "Ashe ke ma kin zama 'yar makarantarsa."

Dudley bai yi dariya ba. Shi zai gaji filin, don a danginsu ta wajen uwa ake gado, kuma dattawan danginsa na zaune a inuwa suna kallo. "Wutar mamaci a gidansa ake hura ta," ya ce. "Haka aka yi wa kakana, haka aka yi wa uwata. Ba 'yar Malaita ce za ta zo ta koya mana makokin namu ba. Yana da rai kin kai shi ƙara, ya mutu kuma za ki hana shi wuta?"

"Ni ko a kansa kuka hura ba ruwana. Katangata nake ji, da yaran nan."

"Shekara nawa yana ƙona shara a filin nan?"

"A bakin ƙofa yake ƙonawa. Ka taɓa ganin ya ƙona a nan? Tsohon mugu ne, ba wawa ba ne."

"Ki kama bakinki, gawarsa na sama."

"Ta sauko ta faɗa mana wurin, sai in kama."

Festus ya shigo a lokacin, da rigarsa ta direban bas, ya bar motar a titi da fasinja a ciki. Bai gaisa da kowa ba. Ya zaro ashana daga aljihu, ya riƙe ta da yatsu biyun nan, ya miƙa wa Dudley.

"Ga shi, yaya. Kunna. Amma ka bari mu fita titi tukuna."

Dudley ya dubi ashanar, ya dubi hannun. Wata mata ta miƙe ta kama ɗanta ta nufi ƙofa. Wata ta bi ta da biyu. Jenita ta sauko daga matakala, idonta a kumbure, ta tsaya kusa da Hilda ba tare da ta dube ta ba.

"To a ina za mu dafa?" Dudley ya ce da ƙarfi, ba ga kowa ba. "A titi? Mutum ɗari biyu?"

Hilda ta juya ta kalli nata filin ta saman katanga. Gwazarta ta yi kyau bana, ganye kamar faranti, saura kaɗan a haƙa.

"Ku yanke wayar shingena ta wajen titi," ta ce. "Ku kwaso duwatsunku. Kuma duk wanda ya tofa mini jan yawu a matakala sai ya wanke."

"Ba al'ada ba ce," in ji wani dattijo daga inuwa.

"Hayaƙin zai ƙetara, Baba," in ji Hilda. "Zai same shi. Ya ishe shi."

Dudley ya sunkuya ya ɗauki dutse na farko da kansa.

Suka tattake gwazar kafin la'asar. Aka hura wuta uku a inda kunyoyin suke, aka yanka aladun a gindin mangwaronta, mata suka mamaye kicin ɗinta suna tambayar ina wuƙa, ina gishiri. Ba ta hau ganin gawa ba. Da Jenita ta ce ta zo ta yi masa sallama, sai ta ce ta riga ta yi jiya. Ta zauna a kan abin kankare kwakwa tana aiki, tana faɗa wa duk wadda ta tambaya cewa ba don shi take yi ba.

Washegari aka sauko da akwatin. Daga matakala zuwa ƙofa akwai 'yar siririyar hanya da ƙafar Selwyn ta share, faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba. Masu ɗaukan su shida ne, uku a kowane gefe, suka tsaya a gindin matakala suna kallon ciyawa, babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashinta. Sai huɗu suka saki, suka koma baya. Dudley ya kama gaba, wani ya kama baya.

Hilda ta dakata da kankara. Mawaƙan coci na jira a titi. Akwatin ya taho a hankali tsakanin injin jirgi da igwa, mutum biyu na ɗauke da shi, kawunansu a sunkuye, kowanne na duba inda zai sa ƙafa.