Kashin Giwa a Kwalbatin Baba Tsaf

Shekara arba'in Baba Tsaf yana gini, ba a taɓa rushe aikin hannunsa ba. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, don mutum ne mai wanke shebur kamar da shi zai ci abinci.

Aikinsa na ƙarshe kafin ritaya shi ne wani makeken kwalbati a ƙarƙashin sabon titin da ya ratsa gandun daji. Ba don ruwa aka yi shi ba. Titin ya datse hanyar da giwaye ke bi zuwa rafi, shi ne aka yi musu mashiga ta ƙasa, kada su hau kwalta su yi karo da tirela. Sharaɗin hukuma ɗaya ne: in mako uku ya cika ba su bi ta ciki ba, a rushe, a sake wani can gaba. Wannan kalma ta rushewa ta tsaya wa Baba Tsaf a maƙogwaro.

Amma tun safiyar farko hankalinsa ya kwanta. Ya tarar da kashin giwa tuli-tuli, daga wannan baki har wancan.

"Sun zo!" in ji shi. "Sai dai ba su da tarbiyya."

Ya share tas, ya wanke daɓen da sabulu, ya bi da maganin wari. Ina shi ina barin manya su zo duba aiki su ga ƙazanta? Kullum haka: ya riga kowa zuwa, ya tarar da sabo, ya kwashe yana mita, amma ransa fari ƙal.

Rana ta goma sha ɗaya jami'ar gandun daji ta zo, wata siririyar matashiya da ake kira Uwar Giwaye. Ta ciro hotuna daga kyamarar da ta ɗaure a bakin kwalbatin, mai ɗaukar duk abin da ya gifta. Aka taru a ofishin injiniya, ƙarƙashin fanka mai ƙara. Baba Tsaf ya ja kujera gaba, ya harɗe hannu.

Hoton farko, ita ce da yamma, bayan an tashi aiki, tana juye baro cike da kashi. Na biyu, Baba Tsaf da tsintsiya. Na uku, ita da baro. Na huɗu, shi da bokiti. A wani ma ga shi yana nuna daji da yatsa, yana yi wa giwaye faɗa. Giwa kam ko jelarta babu.

Injiniya ya yi dariya har da dukan tebur, sannan ya tuna cewa shi aka ba saƙon a bar kashin, ya manta. Dariyar ta koma tari.

"Baba," in ji Uwar Giwaye tana dafe da kai, "daga can bakin rafi nake turo shi. Giwa da hanci take tafiya. In ta ji warin 'yan uwanta ta san hanya lafiya. In ta ji sabulu, ta san mutum ne, sai ta juya."

Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya. Garin neman gira yana shirin rasa ido, ga kwana goma kacal suka rage.

"'Yata," ya ce a hankali, "ina baron yake?"

Daga ranar Baba Tsaf ya zama mai dakon kashi. Ya naɗe ƙafar wando, ya toshe hanci da auduga, ya yi ta sawu. Da yake komai nasa sai an yi shi daidai, har zaɓe yake yi: wannan ya bushe, wancan bai yi kauri ba. Ya sa aka lulluɓe daɓensa mai sheƙi da ƙasa da ganye, da ya gama zuba kashin ya hana kowa shiga, har shi kansa. Matarsa ta kafa masa doka, sai ya yi wanka a tsakar gida kafin ya taka ɗaki.

Kwana takwas shiru. Motar rushe gini ta iso, aka ajiye ta a gefen titi, shi kuwa ya daina kallon wajen.

A safiya ta tara ya tsaya a bakin kwalbatin ya leƙa. Can tsakiya ga wani tuli a wurin da bai zuba nasa ba. Ya karya dokar kansa, ya shiga da sanɗa. Ya tsuguna, wannan mutum da ko ƙura ba ya so, ya ɗora tafin hannu a kai. Da ɗumi. A gefe ga sawu faffaɗa kamar faranti, da wasu ƙanana suna binsa har waje.

Ya lalubo waya da ɗaya hannun, ya kira Uwar Giwaye.

"'Yata, don Allah gaya mini gaskiya. Kin zo nan da baro yau?"

"A'a, Baba. Ko gida ban bari ba."

Ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya, hawaye na bin gemunsa.