Kifin Teku na Bilyamin

Sandar kamun kifin ta lanƙwashe kamar za ta karye, zare yana kuka, Bilyamin kuwa tuni ya zame daga kan benci gwiwoyinsa sun daki bangon jirgin. Ba don Mazin, ɗan kawunsa, ya cafke shi ta ƙugun wando ba, da ya bi kifin har gidansu a ƙarƙashin Bahar Maliya.

"Kar ka saki, ɗan'uwa," in ji Mazin. "Sandar ga ta haya ce, ta fi ka tsada."

Bilyamin manomin dawa ne daga Mai Wurno, garin Hausawa a ƙasar Sudan. A bakin kogi ya tashi, saboda haka da Mazin ya gayyace shi hutu Bur Sudan, ya ce za su wani garin shaƙatawa na gaɓar teku inda masu hali ke kamun kifi don nishaɗi, sai ya yi dariya ya ce ruwa ai ruwa ne. Tun da jirgin ya bar gaɓa ya gane ba haka ba ne. Wake da burodin da ya karya da su duk ya mayar wa teku, ya kwanta yana salati, mai jirgin yana kallonsa kamar an ba shi ajiyar buhu. Sai ga shi cikin duk mutanen jirgin, ƙugiyarsa kifin ya zaɓa.

Da aka jawo shi sama, sai da mutum biyu suka kama. Fari ne fat yana walƙiya kamar sabuwar tasa, kansa ya kai turmi. Nan take ciwon cikin Bilyamin ya warke.

"Kira mani Intisar, ta bidiyo," ya ce wa Mazin, yana haki.

Fuskar matarsa ta bayyana a waya, tana gaban murhu tana toya kisra, wainar dawar nan mai fele-fele. Ya rungume kifin kamar jariri ya nuna mata.

"Baban Rayan, wanga kifi ne ko ɗan maraƙi?" ta tambaye shi.

"Ni na kama shi da hannuna. Ki shaida ma Kawu Abdussalami, ki shaida ma maƙwabta. Ranar Juma'a in an sauko masallaci, kowa zai ci kifin teku a ƙofar gidana."

A unguwarsu haka ake yi. Babban kifi ba na gida ɗaya ba ne; wanda Allah ya ba, shimfiɗa tabarmi yake yi a rumfa ya kira jama'a. Bilyamin ya ci na mutane ba iyaka, bai taɓa shimfiɗa tasa tabarmar ba, kuma ya san ana faɗa.

Yana mayar wa Mazin waya, mai jirgin ya ɗauke su hoto, ya zare ƙugiya a hankali, ya shafa bayan kifin kamar mai sallamar aboki, ya zura shi cikin ruwa. Kifin ya kaɗa jela sau ɗaya ya ɓace.

Bilyamin ya leƙa ruwan, ya dubi mai jirgi, ya dubi Mazin.

"Kuɓuce mai ya yi?"

Mazin ya ce, "Sakin shi anka yi. Ƙa'idar wurin ke nan, a kama, a yi hoto, a saki. Wasa ne."

"Wasa da abinci?"

"Na so in faɗa maka, kana ta amai."

Ya roƙi mai jirgi su sake jefawa, ya ce ko ƙanen wancan ne ya yarda. Mai jirgi ya ce ko kakansa suka kama, komawa zai yi. Kafin su iso gaɓa, Intisar ta tura hoton da Mazin ya aika mata ga duk wanda ke da waya daga Mai Wurno har Damazin, saƙonnin barka suna ta shigowa kamar an yi masa haihuwa.

Ya so ya sayi wani a kasuwar Bur Sudan, amma ya tuna nisan hanya da zafin mota, ya san abin da zai isa gida ba kifi ba ne, masifa ce. Don haka ya hau mota hannu wofi, yana ta saƙa da warwara har Sinnar, daf da gida. A nan ya sauka, ya nufi wajen masu kifi na kusa da madatsar ruwa, ya zaɓi giwan ruwa mafi girma. Ya sa aka cire kai, aka feɗe fata, aka yanyanka shi yadda ko uwar kifin ba za ta shaida shi ba.

Saura matsala ɗaya. Mutanen Mai Wurno sun san ɗanɗanon giwan ruwa kamar yadda suka san muryar iyayensu. Bilyamin ya tsaya a bakin kasuwa ya yi tunani irin na masu ilimi. Ya sha ruwan teku, ba sau ɗaya ba, kuma ba da son ransa ba. Gishiri ne zalla. Halittar da aka haifa a ciki, ta girma a ciki, tana sha safe da yamma, yaya namanta zai kasance? Shi dai bai ɗanɗana kifin can ba, cikinsa bai bari ba, amma hankali ai ba ya ƙarya. Ya sayi gishiri leda guda, ya zauna bayan wani shago ya shafe kowace tsoka ciki da waje, ya ƙara, don teku ba ƙaramin wuri ba ne.

A gida Intisar ta buɗe kwandon ta daɗe tana kallo.

"Ina kan?"

"An hana fitowa da kai. Doka ce ta teku."

"To. Bari in wanke gishirin ga."

"Kar ki taɓa. Ba zuba mai anka yi ba, daga jiki nai yake fitowa."

Ta ɗaga tsoka ɗaya ta shinshina, ta dube shi ta gefen ido. "Ikon Allah. Ga shi baƙo, amma sai ka ce na taɓa ganin shi wani wuri."

Ta ɗora mai a wuta.

Ranar Juma'a rumfar ta cika har waje. Aka jera farantai da kisra da yaji da lemun tsami. Ba wanda ya miƙa hannu sai da Kawu Abdussalami, dattijon unguwa, ya yi bismilla ya kai loma. Ya tauna. Idanunsa suka kawo ruwa, gemunsa ya yi rawa. Bilyamin ya zuba masa ido yana jiran hukunci.

Dattijo ya haɗiye da ƙyar, ya nemi moɗa, ya shanye, ya ajiye.

"Wanga shi ne teku," ya ce.

Shi ke nan aka faɗa wa farantai. Sadisu mai gyaran injin ban-ruwa, wanda iyakar tafiyarsa garin Madani, ya ce daman haka ya ji ana faɗi. Wani ya ce kakansa da ya tafi hajji ta jirgin ruwa ya sha ba su labarin wannan ɗanɗano. Wani ya ce maganin ciwon gaɓoɓi ne. Ana ci ana hawaye ana yabo, randa ta ƙare aka kawo ta maƙwabta. Ba mai son a ce shi ne baƙauyen da bakinsa bai iya cin abin teku ba.

Bilyamin ya gyara zaman rawani. Ya ba da labarin kamun sau ɗaya, ya sake bayarwa, kifin yana ƙara tsawo, amai kuma ya koma kan Mazin. Can sai ya ji shi kansa ya fara yarda. Ya ɗauki tsoka ya ci, harshensa ya ƙone, ya ce a ransa lallai teku ba wasa ba.

"Ɗana," in ji Kawu Abdussalami, yana share ido, "yau ka fid da mu kunya. Ka shimfiɗa tabarmar da ba wanda ya taɓa shimfiɗa irin ta a garin ga."

Ana cikin haka wata raksha, babur mai ƙafa uku, ta tsaya a bakin rumfa. Wani dogon mutum ya sauko, baƙi siriri, da 'yar falmaran a kan jallabiya, ba wanda ya san fuskarsa. Ya yi sallama da Larabci, ya ce sunansa Izzuddeen, sabon ma'aikacin jinya ne da aka turo garin. Ya ce a gafarce shi da zuwa ba gayyata, amma shi ɗan Sawakin ne, can bakin Bahar Maliya, mahaifinsa masunci, kakansa masunci, kuma tun da ya baro gida bai sa kifin teku a baki ba. Da ya ji a masallaci an ce akwai shi a nan, ƙafafunsa ne suka kawo shi.

"Marhaba, marhaba," in ji Kawu. "Ku matsa mai. Ga mai abu ya zo. Bilyamin, zaɓo mai tsoka mai kyau, ka zauna kusa da shi ku yi hirar teku."

Baƙon ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya zauna gwiwa da gwiwa da Bilyamin. Ya jawo farantin gabansa, ya juya tsokar da yatsa, ya ƙura mata ido.

"Wane iri ka ce ka kama?" ya tambaya.