Hannun Maku a Kan Ruwa

Da Amanor ya tsaya inda 'yarsa ta ce ya tsaya a safiyar Asabar ɗin nan, da yau gidansa lafiya lau. Bai tsaya ba. Kuma tun kafin ya sa ƙafa a kwalekwale ya san abin da zai yi ba zai ƙare da daɗi ba.

A garin Ada, inda kogi ke shiga teku, kowa ya san Amanor. Masunci ne kamar sauran, amma shi ake buga wa ƙofa in ruwa ya ci mutum, domin ya san inda kogi ke ajiye abin da ya ɗauka kafin ya miƙa wa teku. Mutum goma sha ɗaya ya ciro da hannunsa cikin shekara talatin, biyu ne kawai suka sake numfashi. Shi ya sa ya kafa wa 'ya'yansa mata uku doka, ruwa iyakarsa idon sawu. Manyan biyu ba su damu ba, sun yi aure sun tafi. Maku, autar, ita abin ya ci wa rai. Ta girma tana wanki a bakin kogi, ƙawayenta na tsalle daga kan kwalekwale suna kiranta kazar Amanor.

Da ta sami aiki a wani kantin magani a Tema, sai ya ji daga bakin matarsa Korkor cewa wani malami na koya mata iyo a wurin wankan otal. Ya kira ta a waya ya faɗa mata maganganun da shi kansa ba ya son tunawa. Shekara biyu ke nan ba ta taka gida ba, ko bikin Asafotu ba ta zo ba.

Sai ga ta ranar Juma'a da la'asar ta sauko daga motar haya, direba ya kwance mata wani siririn keke daga saman mota. Ta iske Korkor na tuƙa tuwon banku a tsakar gida, Amanor na ɗinkin taru.

"Baba, ka rame," in ji ta.

"Ke kuma kin yi baƙi kamar mai ƙyafe kifi. Wannan keken na mutum ne ko na ƙadangare?"

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Suna cin banku da karfasa ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Gasa ce aka kawo Ada bana, abu uku a jere ba hutu: iyo mita ɗari bakwai da hamsin a kogi, a fito a hau keke kilomita ashirin kan hanyar Kasseh a je a dawo, a sauka a yi gudu kilomita biyar.

"Wa ya biyo ku?" ya tambaya.

"Ba wanda ya biyo mu. Kuma ba zuwa na ɗaya na zo yi ba, gamawa kawai nake so. Wata goma sha huɗu ina shiri, Baba. Ban taɓa shiga ba, gobe ne na farko."

"Da kin yi abinki a can wurin wankan otal."

"An yi irinta a can, na ƙi shiga. Wannan ruwan nake so."

Lomar da ke hannunsa ta tsaya. Maku ta wanke hannu ta matso kusa da shi.

"Abu ɗaya nake roƙo. Gobe ka tsaya a filin makaranta inda za a gama, kai da Mama. Kada ka zo bakin ruwa. In na shigo da ƙafata ina so in gan ka a can."

"Na ji."

"Ba ji na ce ba. Ka yi mini alkawari."

Korkor ta zuba masa ido.

"Na yi alkawari," in ji shi.

Da safe ya ɗauki benci ya raka Korkor filin makaranta, ya zauna kamar mutumin kirki. Bai yi minti goma ba ya ce bari ya duba ko an ɗaure kwalekwalensa da kyau.

"Amanor," in ji Korkor.

"Yanzu zan dawo."

Bakin kogi ya cika da baƙi, maza da mata, kowa da hular roba ruwan ɗorawa da lamba a dantse. An dasa manyan balan-balan jajaye guda biyu a cikin ruwa waɗanda za a zagayo. Kallo ɗaya ya yi wa ta biyun ya gane akwai haɗari. Teku ya fara turo ruwa ciki, ga layin kumfa nan ya ratsa daidai wurin.

Masu shirya gasar sun ɗauki kwalekwalen masunta shida su yi gadi. A ɗaya daga ciki ya hango Ofoe, ƙanin matarsa, sanye da rigar ceto mai kalar lemo.

"Ga tsohon da aka ce yana filin makaranta," in ji Ofoe. "Makarantar ce ta dawo nan?"

"Wane mahaukaci ya dasa waccan a can? Bai ga inda ruwan sanyi ke yankowa ba?"

"Masu takarda suka dasa. Da waya suka auna, kai da me ka auna?"

Amanor ya juya ga abokin tuƙin Ofoe ya miƙa hannu. "Ba ni rigar. Sauka." Mutumin ya cire ya ba shi. A Ada ba a yi wa Amanor gardama kan ruwa.

"Yaya, in Maku ta gan ka ni ba ruwana," in ji Ofoe. "Ja hularka ƙasa, wannan sanƙon naka daga Tema ana hango shi."

Wata mata mai riƙe da lasifika ta tara masu kwalekwale ta yi musu bayani. Wanda ya shiga matsala zai ɗaga hannu sama. In kun gani ku matsa kusa, ku tambaye shi. Yana iya riƙe gefen kwalekwale ya huta, muddin ba ku tuƙa ba, sannan ya ci gaba. Amma duk wanda aka ciro daga ruwa, gasarsa ta ƙare a nan.

"Ku tambaya tukuna," ta maimaita. "Kun ji ko, iyayena?"

Amanor ya gyaɗa kai tare da sauran. A ransa cewa yake, wannan ba ta taɓa ganin wanda ruwa ke ci ba. Wanda ruwa ke ci ba ya amsa tambaya. Ba ya ihu ma. Shiru yake yi.

Aka busa usur, mutum wajen ɗari suka faɗa ruwa lokaci ɗaya, kogi ya tafasa kamar an zuba taru kan garken kifi. Duk hulunan iri ɗaya ne, amma bai sha wahalar gano ta ba. Tana can baya cikin 'yan ƙarshe, tana jefa hannu a hankali, tana juyo da kai ta dama kowane bugu uku. Ya tsaya yana kallo, filafili a kan cinyarsa. Bai taɓa ganin jikinta cikin ruwa ba sai yau. Ba ta da sauri, amma ba ta faɗa da ruwan, bin sa take yi.

"Ka gani?" in ji Ofoe. "Kazarka ta zama agwagwa."

"Rufe mini baki ka tuƙa."

Ta zagaye balan-balan ta farko lafiya. Suka bi ta daga nesa kaɗan. Da ta doshi ta biyu sai masu iyon suka cunkushe, kowa na son ya yanke kwana, daidai kan layin kumfar nan. Amanor ya ga diddigen wani ƙato ya sauka a fuskarta. Kanta ya nutse. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ta ɓullo, ta juya rigingine, bakinta a buɗe, ba sauti. Sai hannunta na dama ya tashi sama.

Bugu huɗu ya yi da filafili suka isa.

"Yaya, tsaya! Tambaye ta!" Ofoe ya daka masa tsawa.

Bai ji ba. Hannunsa ya riga ya shiga ƙarƙashin hammatarta, yadda ya shiga sau goma sha ɗaya a baya. Ta buɗe ido ta gan shi.

"Baba? Baba, sake ni! Sake..."

Ruwa ya shiga bakinta, tari ya sarƙe ta, shi kuwa tarin nan ya ƙara masa ƙarfi. Ya ɗago ta gaba ɗaya ya kwantar a cikin kwalekwale. Gilashin iyonta na rataye a wuya, gefen idonta ya fara kumbura.

Ta yi tari har ta gaji, sannan ta tashi zaune. Ta dubi gaɓa. Bai fi mita ɗari biyu ba, ana ganin fuskokin mutane. Wata tsohuwa mai furfura da ke bayanta tun farko ta wuce su a hankali, tana jefa hannu.

"Gilashina nake gyarawa," in ji Maku. Muryarta ba ta tashi ba.

Wani jirgi mai inji ya matso. Mutumin ciki ya duba lambar dantsenta ya rubuta, ya nemi ta miƙo ƙafa, ya kwance abin auna lokaci da aka ɗaura mata a idon sawu. Ya ce wa Amanor, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Ofoe ya tuƙa su zuwa gaɓa.

A gaɓa ta roƙi matar lasifika ta bar ta ta hau keke ko da ba za a rubuta sunanta ba. Matar ta ce ta yi haƙuri, wanda aka ciro sai ya zauna wurin ma'aikatan jinya har sun sallame shi. Suka zaunar da ita a ƙarƙashin rumfa, suka lulluɓa mata tawul, suka sa mata abin awo a ƙirji. Amanor na tsaye a bakin rumfar, rigar ceto har yanzu a jikinsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ruwa ya ɗan shiga cikinta, amma ba wani abu.

Daga inda yake yana hango wurin da aka jera kekuna da asuba. Duk an kwashe. Nata kaɗai ya rage a rataye a jikin ƙarfe, hular kwano a kan sirdi, takalman gudunta a ƙasa an jera su kusa da juna, ta cusa safa a cikin kowanne don kada ta ɓata lokaci.

Korkor ta zauna a filin makaranta har na ƙarshe ya shigo, rabin bencin babu kowa. A can Ofoe ya same ta ya faɗa mata.

Da azahar Maku na haɗa jaka. Kifin da Korkor ta gasa don biki na nan a rufe ba wanda ya taɓa. Amanor ya tsaya a ƙofar ɗakin.

"Na ga hannunki," ya ce.

"Ka tambaye ni?"

"Kin nutse, Maku. Na ƙirga."

"An shure ni a ido, Baba. Kowa ana shurinsa. Wata goma sha huɗu ana koya mini abin da zan yi in an shure ni." Ta ja zif ɗin jakar. "Ka ga ina iyo kuwa? Kafin nan, ka gani?"

"Na gani."

"Yaya na yi?"

Ya buɗe baki. Yana so ya ce bai taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba a kogin nan. Abin da ya fito shi ne, "Wurin nan ba shi da kyau in teku na turowa."

Ta dube shi, ta rataya jaka.

"Abu ɗaya na roƙe ka."

Ta durƙusa ta yi wa uwarta sallama. Ta tura kekenta zuwa tasha da kanta, da ya kai hannu zai kama mata sai ta karkatar da shi.

Bayan kwana biyu ya sami Ofoe yana kwashe ruwa daga kwalekwale.

"Kai me ka gani? Faɗa mini gaskiya."

Ofoe ya ajiye gwangwanin da ke hannunsa.

"Na ga hannu ya tashi. Ko fuska ya nufa ko sama, yaya, ni ina baya, sanƙonka ya tare mini." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "Da ka tambaya, da mun sani."

Wata uku ke nan. Maku na kiran uwarta ranar Lahadi bayan an taso coci, in Amanor ya matso sai Korkor ta ce ta riga ta kashe. Ta faɗa wa uwar cewa ta sa suna a wata gasar, amma ba ta faɗi gari ba, ba ta faɗi rana ba.

Har yau Amanor bai sani ba ko gilashi take gyarawa ko kira take yi. Bai kuma sani ba ko za ta sake zuwa gida.