Ranar da Baba Ya Riƙe Amin

Shekara shida ina rubuta bayanan taro a ƙungiyarmu ta masu bishara, ban taɓa ganin an ɗaga hannu don ƙuri'a ba. Shugabanmu mutum ne mai sanyin murya, ba faɗa, ba tsawa. Sai dai in yana son wata doka ta wuce, ba ya shimfiɗa ta a teburi. Yakan bari a gaji da zancen yoyon ɗakin ajiya da tayar mota, sannan ya ce, "Mu rufe da addu'a." A cikin addu'ar zai gode wa Ubangiji da ya nuna mana mu yi kaza da kaza. Kowa ya ce Amin, ni kuma in rubuta "an amince". To wa zai katse addu'a ya ce yana da gyara?

Ni kaɗai ce ba na rufe ido lokacin, saboda biro na hannuna. Har na saba. Da na ji ya kama "mun gode maka da ka bishe mu", hannuna ya riga ya san sauran, kamar jakin da ya san hanyar gida.

Babana yana cikin mutum tara na kwamitin ƙungiyar, shi ke wakiltar ma'aikatan karkara. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a gidan mishan na wani ƙauye a ƙetaren kogi, inda ya fara da mutum biyu a gindin bishiya. Can muka binne Mama, bayan ɗakin sujada, kuma kowace safiya sai ya share wurin kafin ya buɗe Littafi Mai Tsarki. Shekarunsa sittin da takwas.

Ranar wannan taron ya iso takalmansa duk laka, ya zauna a kujerar da ke bakin taga. Aka yi ta zancen yoyo har azahar. Sai Shugaba ya ce a rufe ido.

"Ya Uba," in ji shi, "mun gode maka da ka bishe mu, ka nuna mana bayinka da suka haura sittin da biyar su huta, su bar gidajen mishan kafin shekara ta ƙare, matasa su karɓa."

Kaina yana duƙe kan littafi, biro yana gudu. Kafin zuciyata ta gane cewa mutum ɗaya ne a ɗakin ya haura sittin da biyar, Amin ta cika ɗaki. Shugaba ya jawo littafin kamar kullum, ya sa hannu, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya fita.

Na sami Baba a baranda yana ɗaure jakarsa a bayan keke. Ina tsammanin zan tarar da shi a karye, sai na ga har da ɗan murmushi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "kin gani ko?"

"Me, Baba?"

"Bakina mana. Tsarin ƙungiya ya ce in mutum ɗaya bai yarda ba, sai an sake zama a kan maganar. Ni ban iya musu da mutum yana gaban Allah ba, amma na riƙe Amin ɗina. Tun da aka yi mini baftisma ban taɓa yin haka ba, har yanzu ƙirjina zafi yake. Na ce ba komai, akwai mai ido buɗe a ɗakin, kuma 'yata ce."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Idona a buɗe yake, gaskiya ne, amma kan takarda. Ban dube shi ba ko sau ɗaya.

"Kawo in ga yadda kika sa," ya ce.

Na miƙa masa. Ya nesanta littafin da idonsa, don ya bar tabarau a gida, ya bi layin da yatsa. "An amince baki ɗaya." Rubutuna ne, tsaf, irin wanda shi ya koya mini a kan allon ɗakin sujada, ga sa hannun Shugaba a ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya rufe littafin, ya goge bangon da hannun rigarsa, ya mayar mini.

"Amin," ya ce a hankali, ya tura kekensa.